Hudson Taylor Da Gidansa: Yadda Kiran Bishara Ya Bi Zuriya

A ƙasarmu mun san sana'ar gado. Ɗan maƙeri yana tashi a bakin zuga-zugi, ɗan wanzami yana riƙe wa ubansa zabira tun bai san kaifin aska ba, in kuwa yaro ya bi sawun mahaifinsa sai mu ce kyan ɗa ya gaji ubansa. To, aikin bishara fa? Shi ma ana gadonsa kamar ƙira da wanzanci? Wannan tambaya ta shafi ɗalibanmu da yawa, gama a cikinku akwai 'ya'yan fastoci, da 'ya'yan masu bishara, da jikokin waɗanda suka fara karɓar Maganar Allah a garuruwansu. Saboda haka a mujallar bana muka ga ya kyautu mu kawo muku tarihin James Hudson Taylor, mutumin Ingila wanda ya kai bishara cikin tsakiyar ƙasar Sin, wanda kuma gidansa ya yi ta ba da ma'aikata tsara bayan tsara.

Asalin Gidan

Labarin ya soma shekara 56 kafin a haifi Hudson. A yankin Yorkshire, kusa da garin Barnsley a arewacin Ingila, akwai wani magini mai suna James Taylor, kakan mahaifin Hudson ke nan. Saurayi ne mai son kiɗa da rawa, ba ruwansa da zancen tuba. Ran 1 ga Fabrairu 1776, wato ranar ɗaurin aurensa, yana aiki shi kaɗai da sassafe, sai ayar nan ta Joshuwa 24:15 ta faɗo masa a rai, inda Joshuwa ya zaɓi bauta wa Ubangiji shi da iyalinsa. Ya ga cewa yau zai kafa gida, amma bai san wanda gidan zai bauta wa ba. Nan ya durƙusa ya ba da kansa ga Allah, har ya makara zuwa wurin auren. Amaryarsa Betty ba ta ji daɗin wannan sauyi ba da farko, amma daga baya ita ma ta ba da gaskiya. Suka zama 'yan ikilisiyar Metodis a lokacin da ake yi wa masu wannan suna ba'a da jifa, kuma a 1786 John Wesley da kansa ya sauka a gidansu sa'ad da ya ziyarci Barnsley.

Jikan wannan magini, shi ma sunansa James, yana da kantin magani a Barnsley, yana kuma yin wa'azi ba tare da an naɗa shi fasto ba. Ya karanta labarin ƙasar Sin da ɗimbin jama'arta da ba su taɓa jin bishara ba, abin ya dame shi ƙwarai, amma hanyar tafiya ba ta buɗe masa ba. Sai ya roƙi Allah, in ya ba shi ɗa namiji, ya kira yaron zuwa can. Ran 21 ga Mayu 1832 matarsa Amelia ta haifi Hudson. Abin da za mu lura da shi a nan shi ne, mahaifin bai gaya wa yaron wannan addu'a ba. Ya koya masa karatu, da addu'ar iyali safe da yamma, da yin gaskiya a ma'amala, amma zancen kiran ya bar wa Allah.

Tubansa Da Shirinsa

Tashi a gidan masu bi bai mai da Hudson mai bi ba. Yana shekara 15 ya sami aiki a wani banki, ya faɗa cikin abokai masu yi wa addini dariya, zuciyarsa ta yi sanyi. Ciwon ido ne ya raba shi da bankin ya komo kantin mahaifinsa. Ƙanwarsa, wadda ta ci sunan mahaifiyarsu Amelia, ta ɗauki alkawari a ranta za ta riƙa yi masa addu'a sau uku kowace rana. A watan Yuni 1849, yana shekara 17, ya ɗauki wata 'yar takardar bishara domin ya kashe lokaci, da nufin ya karanta labarin da ke ciki ya tsallake wa'azin. A cikinta ya gane cewa Almasihu ya riga ya gama aikin ceto a kan gicciye, abin da ya rage masa shi ne ya karɓa. A wannan yini ɗin mahaifiyarsa tana baƙunci a wani gari mai nisa, ta kulle kanta a ɗaki tana roƙo dominsa. Kafin shekarar ta ƙare ya tabbata a ransa cewa Sin ne wurin aikinsa.

Bai zauna yana jiran jirgi ba. Ya rabu da katifarsa mai laushi, ya soma koyon rubutun Sinanci da kansa, a 1851 kuma ya tafi birnin Hull ya zama mai taimakon wani likita, ya kama ɗaki a unguwar matalauta. A can ya koyi dogara ga Allah game da kuɗi. Wani dare wani matalauci ya roƙe shi ya zo ya yi wa matarsa addu'a, tana bakin mutuwa, 'ya'yansu kuwa suna fama da yunwa. Duk abin da Hudson ya mallaka a duniya sule biyu da sisi ne, a tsaba guda ɗaya wadda ba ta rabuwa. Ya yi ta kokawa da zuciyarsa, har ya ga bakinsa ba zai iya addu'a ba muddin kuɗin yana aljihunsa, sai ya miƙa. Kashegari da safe aka kawo masa wasiƙa ba sunan mai aikowa, da sule goma a ciki. Daga Hull ya wuce Landan ya ci gaba da koyon aikin likita.

Shekarun Farko A Sin

Ran 19 ga Satumba 1853 ya shiga jirgin ruwa a Liverpool, ya isa Shanghai ran 1 ga Maris 1854, bayan fiye da wata biyar a teku. Shekararsa 21. Ya tarar da birnin cikin yaƙin tawaye, ga tsadar abinci, ga ƙungiyar da ta aiko shi ba ta aika kuɗi a kan kari. A lokacin, Turawan mishan suna zaune ne a biranen bakin teku guda biyar da aka yarda wa baƙi. Shi kuwa ya riƙa bin koguna cikin kwalekwale zuwa ƙauyuka yana wa'azi yana ba da magani. Da ya ga mutane sun fi kallon kwat ɗinsa da sauraron maganarsa, sai a 1855 ya tuɓe kayan Turawa ya sa irin tufafin malaman Sin, ya aske gaban kansa, ya rina gashinsa baƙi, ya sake kitso ɗaya mai tsawo a baya kamar yadda mazan ƙasar suke yi a zamanin. 'Yan'uwansa Turawa da yawa suka ɗauke shi ya zubar musu da girma. A 1857 ya fita daga ƙungiyar da ta aiko shi domin ya gane da bashi take biyan ma'aikatanta.

A birnin Ningbo ya sadu da Maria Dyer, malama a wata makarantar 'yan mata. Ita ma 'yar gidan mishan ce. Mahaifinta Samuel Dyer ya yi aiki a cikin Sinawa mazauna Penang da Malacca, ya ba da ƙarfinsa wajen ƙera haruffan ƙarfe na buga littattafan Sinanci, ya rasu a 1843 tana shekara shida. Mahaifiyarta ta bi bayansa bayan shekara uku. Marainiyar ta yi karatu a Ingila, sa'an nan ta komo aikin da iyayenta suka mutu a cikinsa. Shugabar makarantar ta yi tsayayya da auren, tana ganin Hudson matalauci ne marar matsayi, amma aka ɗaura shi ran 20 ga Janairu 1858. Ta haka gidaje biyu masu nauyin Sin a zuciya suka zama ɗaya.

A 1860 rashin lafiya ya tilasta masa komawa Ingila. Sai a lokacin nan, bayan ya riga ya yi shekaru a bakin aiki, ya ji labarin addu'ar da mahaifinsa ya yi tun kafin a haife shi.

Kafa Sabuwar Ƙungiya

A Landan ya kammala karatun likita, ya yi aikin gyaran fassarar Sabon Alkawari a harshen Ningbo. Amma taswirar Sin da ke bangon ɗakinsa ta hana shi barci, domin akwai larduna 11 na cikin ƙasar da ba su da mai bishara ko ɗaya. Yana tsoron ya kira mutane su bi shi su je su mutu, alhakin ya hau kansa. Ran Lahadi 25 ga Yuni 1865, a bakin teku a garin Brighton, ya gane cewa in Allah ne ya aika su, nauyinsu yana wuyan Allah. Ya roƙi ma'aikata 24, biyu domin kowane lardi, biyu kuma domin Mongoliya. Da fam 10 ya buɗe asusu a banki da sunan China Inland Mission, wato mishan na cikin ƙasar Sin.

Ka'idodin ƙungiyar sun bambanta da na sauran. Ba a roƙon kuɗi a wurin mutane, ba a cin bashi, ba a yi wa ma'aikaci alkawarin albashi. Ana karɓar masu bi daga ɗariku dabam-dabam, da masu sana'ar hannu waɗanda ba su je jami'a ba, da matan da ba su yi aure ba. Kowa zai sa tufafin Sinawa, shugabancin aikin kuma yana can Sin, ba a Landan ba. Ran 26 ga Mayu 1866 Hudson da Maria da 'ya'yansu huɗu da sababbin ma'aikata 16 suka tashi cikin jirgin Lammermuir. Guguwar teku ta buge su har sau biyu, suka isa Shanghai a ƙarshen Satumba da jirgin a kakkarye.

Abin Da Gidan Ya Biya

A nan ne labarin ya yi nauyi, ba kuwa za mu ɓoye muku ba. A watan Agusta 1867 'yarsu ta fari, Grace, ta rasu tana shekara takwas. A 1868 taron jama'a suka fāɗa wa gidansu a Yangzhou suka sa wuta, Maria tana da ciki ta diro daga bene ta ji rauni. A farkon 1870 suka yanke shawara su aika da manyan yaran Ingila domin zafi da cututtuka. Kafin a kai ga jirgi, Samuel mai shekara biyar ya rasu a hanya. Herbert da Howard da ƙanwarsu Maria ƙarama suka tafi, ba su ƙara ganin mahaifiyarsu ba. A watan Yuli ta haifi ɗa wanda bai cika mako biyu a duniya ba, ran 23 ga watan kuma ita ma ta rasu a Zhenjiang tana shekara 33.

Hudson ya sāke aure a 1871 da Jennie Faulding, ɗaya daga cikin waɗanda suka zo a Lammermuir. A 1874 ya faɗi a cikin jirgin kogi ya bugu a ƙashin baya, ya yi watanni a kwance a Landan. Daga kan gadon nan ya roƙi sababbin ma'aikata 18, aka kuwa same su. A 1881 ƙungiyar ta buɗe makaranta a Chefoo domin 'ya'yan ma'aikata su yi karatu a Sin maimakon a kai su Turai. A 1885 samari bakwai da aka sani da Bakwai na Cambridge suka bar matsayi da dukiya suka bi shi. A 1887 aka roƙi ma'aikata 100, guda 102 suka tafi. Mafi zafin gwaji ya zo a 1900, lokacin tawayen da ake kira na Boxer, inda ƙungiyar ta rasa ma'aikata 58 da yara 21, Sinawa masu bi kuwa da aka kashe sun kai dubbai. Da aka zo biyan diyya, ƙungiyar ta ƙi karɓa domin ta nuna halin Almasihu.

Jennie ta rasu a 1904. A 1905 tsohon ya yi tafiyarsa ta ƙarshe zuwa Sin tare da ɗansa Howard da matar Howard. Ya kai Changsha, babban birnin Hunan, lardin da ya fi daɗewa yana rufe ƙofa ga baƙi, a can ya rasu ran 3 ga Yuni 1905 yana shekara 73. Aka binne shi kusa da Maria a Zhenjiang. A lokacin ƙungiyar tana da ma'aikata fiye da 800.

'Ya'ya Da Jikoki

Mai hankali zai zaci yaran da suka rasa uwa, suka kuma yi shekaru ba sa ganin uba saboda Sin, ba za su so su ƙara jin sunan ƙasar ba. Amma daga cikin 'ya'yan Maria huɗu da suka girma, uku sun koma can da ƙafarsu. Herbert ya yi fiye da shekara 50 yana aiki a Sin. Maria ƙarama ta auri ɗan mishan, ta rasu a can a 1897 tana shekara 30. Howard ya zama likita, a 1894 ya auri Geraldine Guinness, su biyu ne kuma suka rubuta tarihin mahaifinsa.

A nan labarin ya taɓa ƙasarmu. Ƙanwar Geraldine, wato Lucy Guinness, ita ce ta auri Karl Kumm a 1900, su ne suka kafa ƙungiyar da ta zama Sudan United Mission a 1904, wadda ma'aikatanta na farko suka sauka a Wase a wannan shekara. Ashe gidan da ya ba Sin suruka shi ne ya ba da matar da ta ɗauki nauyin ƙasarmu a zuciyarta.

Ɗan Herbert, James Hudson Taylor na biyu, an haife shi a 1894. Ya fara da koyon aikin haɗa magani, daga baya ya shiga aikin bishara, amma a ƙarƙashin wata ikilisiyar Metodis ta Amurka, ba ƙungiyar kakansa ba. Ya ba da ransa ga horar da Sinawa masu wa'azi a Kaifeng, da Shaanxi, daga baya kuma a Taiwan, har rasuwarsa a 1978. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu 'ya'yansa huɗu suna makarantar Chefoo sa'ad da sojojin Japan suka kama makarantar, suka tsare yaran da malamansu a sansanin Weihsien, tare da kakansu Herbert wanda ya haura shekara 80. Malaman ba su daina koyarwa ba, har suka shirya manyan ɗalibai domin jarrabawa a cikin kurkukun. A cikin fursunonin akwai Eric Liddell, wanda ya ci zinariya a tseren mita 400 a wasannin Olamfik na 1924, shi ma ɗan masu aikin mishan a Sin. Ya koyar da yaran, ya shirya musu wasanni, ya rasu a sansanin a Fabrairu 1945. An 'yantar da su a watan Agusta, a Satumba kuma yaran suka sadu da iyayensu bayan shekara biyar da rabi.

Ɗaya daga cikinsu, James na uku, wanda aka haifa a Kaifeng a 1929, ya zama shugaban farko na wata makarantar tauhidi a Taipei a 1970. Ƙungiyar ta riga ta bar Sin a farkon shekarun 1950 bayan 'yan kwaminis sun hau mulki, ta koma aiki a sauran ƙasashen gabashin Asiya da sunan Overseas Missionary Fellowship. Daga 1980 zuwa 1991 shi ne babban shugabanta. A 1994 ya taimaka wajen kafa ƙungiyar da ke kai likitoci da malamai cikin Sin, ya rasu a Hong Kong a 2009. Ɗansa, James na huɗu, shi ma ya shiga aikin, ya kuma auri 'yar Taiwan.

Darasi Gare Mu

Da za mu dubi jerin sunayen kaɗai, da sai mu ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma Littafi Mai Tsarki ya nuna mana 'ya'yan Eli da na Sama'ila, waɗanda suka tashi a bakin bagade ba su bi halin iyayensu ba. Hudson kansa ya bauɗe yana shekara 15. Kira ba ya cikin kayan da ake rabawa bayan mutuwar uba. Kowane ɗaya a gidan Taylor sai da ya tsaya gaban Allah shi kaɗai ya amsa. Abin da iyaye suka miƙa shi ne addu'a da gurbi, irin bangaskiyar da Timoti ya gani a wurin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki.

Ga iyaye da malamai, mahaifin Hudson ya bar mana misali. Ya yi roƙo, ya yi tarbiyya, ya kame bakinsa kusan shekara 30. Da ya ɗora wa yaron wannan kaya tun yana ƙarami, da ranar da aka binne Grace da Maria, Hudson zai tambayi kansa ko muryar Allah ya bi ko ta ubansa. Mu kuma tuna cewa yara ma suna biyan kuɗin kiran iyayensu. Rabuwar da 'ya'yan gidan nan suka sha ba ƙaramin abu ba ne, ya kuwa wajaba ikilisiya ta kula da 'ya'yan ma'aikatanta.

Ku ɗalibai 'ya'yan ma'aikata, kada sunan gidanku ya ruɗe ku, kada kuma ya zame muku sarƙa. Ba dukan zuriyar Taylor ne suka zama 'yan mishan ba. Mary, ƙanwar James na uku, ta yi shekaru tana kula da gidan gyaran halin yara a Amurka, ta kuma zama 'yar majalisar jihar New Jersey. Ku kuma da babu fasto ko mai bishara a danginku, ku tuna da maginin nan na 1776. Bai gāji kome ba, daga kansa aka fara ƙirga. Wataƙila a cikin waɗanda suke gama makaranta bana akwai wanda jikokinsa za su waiwaya su ce daga wurinsa abin ya soma. Ubangiji ya ba kowannenmu kunnen jin kiransa, da zuciyar amsawa. Amin.